Tambayoyi da amsoshi kan sharar nukiliya: ina ake kai ta, wa zai biya, me doka ta ce

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka fara maganar gina tashar lantarki ta nukiliya a Najeriya da Nijar tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke ta dawowa, musamman kan sharar da wannan harka ke bari, wasu daga ɗalibai, wasu daga masu 'yan uwa a Arlit, garin haƙar yuraniyom a arewacin Nijar, har da 'yan gwangwan. Shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Na fara da masu sauƙi sannan na shiga dokokin da rigimar da ake yi a kansu, kowa na iya tsallakawa zuwa inda ya fi damunsa.

Wai mene ne ma sharar nukiliyar nan?

Duk abin da ke fitar da tururin nukiliya, wato ƙarfin nan da ido ba ya gani mai ratsa jiki ya yi masa illa, kuma an gama amfani da shi, shi ne. Amma ba iri ɗaya ba ce. Akwai mara ƙarfi, irin su safar hannu da rigunan ma'aikata da sirinji da tsummokara daga asibiti ko ɗakin bincike, ita ta fi yawa nesa ba kusa ba amma haɗarinta kaɗan ne. Akwai matsakaiciya, kamar matatai da sassan ƙarfen tukunyar nukiliya, wato injin da yuraniyom ke ba da zafi a cikinsa. Sai babbar, wato sandunan makamashin yuraniyom da suka gama aiki a cikin tukunya, waɗanda in an ciro su zafi gare su sosai, kuma mutum ya tsaya kusa da su ba kariya mintoci kaɗan sun isa su hallaka shi. Wannan ta ƙarshen ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na yawan sharar tashoshi ba amma ita ke ɗauke da kusan kashi 95 na tururin.

Akwai ta huɗu da ba a cika sa ta a lissafi ba, wato tsibin ƙasa da dagwalon da ake bari bayan an tace yuraniyom daga dutse. Mu ita ta fi shafa, duba amsar Arlit a ƙasa.

Ba ta ruɓewa ne? Har yaushe take zama haɗari?

Ba ta ruɓewa kamar sharar gida, wuta ba ta kashe ta, ba kuma sinadarin da za a zuba mata ta mutu. Lokaci ne kaɗai ke cin ƙarfinta. Kowane sinadari na da wa'adin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Ayodin 131 na asibiti kwana 8 ne, in an kulle shi a ɗaki 'yan watanni ya zama ba komai. Kobalt 60 na injin gasa cutar kansa shekara 5 da 'yan watanni, siziyom 137 shekara 30, radiyom 226 shekara 1,600, fulutoniyom 239 kuwa ya haura shekara 24,000. Kuma a lura rabi ne ke tafiya a kowane wa'adi, sai rabin abin da ya rage, haka haka, ba wai ya ƙare gaba ɗaya ba.

To anan ne masu yin doka ke shiga wahala. Finlan na lissafin ma'ajiyarta ta riƙe shekara 100,000, dokar Jamus ma cewa tayi shekara miliyan ɗaya. Ganuwar Kano ko shekara dubu bata cika ba kuma da idonmu muka ga yadda gine-gine da masu ɗibar ƙasa suka cinye ta, to ka auna abin da ake so ya zauna ba a taɓa shi ba har ninkin wannan sau ɗari.

Mu da ba mu da tashar nukiliya, ina ruwanmu da wannan magana?

Wannan tambayar na fi ji, kuma gaskiya sharar ta riga tashar zuwa. Asibitocin da ke gasa cutar kansa na amfani da ƙwayoyin sinadari masu tururi. Kamfanonin mai na zura irinsu cikin rijiyoyi don aune-aune, haka masana'antun ƙarfe da siminti da masu duba waldar bututu. Ko wanne cikinsu wata rana zai gama aiki ya zama shara. A Zariya akwai ƙaramar tukunyar bincike a cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello wadda ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kilowat 30 ne kacal ba ta ba da lantarki, kuma a Disambar 2018 an kwashe tsohon makamashinta an mayar ƙasar Sin inda ya fito.

A Filato kuma tarkacen haƙar kuza na ɗauke da ma'adinai masu toriyom, kuma mutane na ɗibar wannan yashin suna gini da shi. Sai uwa uba Nijar, wadda tun 1971 ake haƙar yuraniyom a cikinta. Kenan ba maganar Turawa bace kawai, muna da tamu a ƙasa yanzu haka.

Ƙasashe masu tashoshi a ina suke ajiye tasu yanzu?

Mafi yawa tana nan a harabar tashoshin. Babbar tukunya ɗaya na fitar da tan 20 zuwa 30 na tsohon makamashi a shekara. Da farko a nutsa shi a wani tafkin kankare mai zurfi na shekaru, ruwan na sanyaya shi yana kuma tare tururin, daga baya a sa shi a manyan gangunan ƙarfe da kankare a jera a fili ana gadi. Hanyar na aiki, amma ta shekaru gommai ce ba ta dindindin ba. Ko Afirka ta Kudu haka take, mara ƙarfin ana binnewa a Vaalputs tun 1986 amma tsohon makamashin na nan a tashar Koeberg. Masana galibi sun yarda cewa mafita ita ce rami mai zurfin mita ɗari huɗu zuwa biyar a cikin dutse ko yumɓu ko gishirin da bai motsa ba tun miliyoyin shekaru. Rigimar duk akan garin wa za a haƙa ramin ne.

Me ya hana a zuba a teku, ko a kai tsakiyar Sahara inda ba kowa?

Tekun an yi. Daga 1946 zuwa 1993 ƙasashe 13 sun jefa gangunan shara a teku, ciki har da Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet. Yarjejeniyar Landan ta 1972 ta fara hana jefa mai ƙarfin, sai a ƙarshen 1993 aka hana gaba ɗaya bayan an gano jirgin Rasha na tsiyaye ruwan shara a tekun Japan. Harbawa sararin sama kuwa ba wanda ya yarda, don roka na iya fashewa ta watsa abin a kan mutane.

Maganar Sahara kuma wallahi tana ɓata min rai duk lokacin da na ji ta, saboda cewa ba kowa a can ba gaskiya bane. Akwai Buzaye da Tubawa da Larabawa da makiyaya da fatake, akwai ruwan ƙarƙashin ƙasa da garuruwa ke sha, akwai iskar hunturu da ke kwaso ƙura har Kano da Legas. Da wannan tunanin na ba kowa Faransa tayi gwajin bama-baman nukiliya 17 a Saharar Aljeriya daga 1960 zuwa 1966, a Reggane da In Ekker, abin da ya sa gwamnatin Tafawa Balewa ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961. Sun binne gurɓatattun kaya a cikin rairayi suka tafi, har yau Aljeriya na neman a ba ta taswirar inda aka binne su.

Wata ƙasa na iya biyan kuɗi ta kawo tata shara Afirka?

An gwada, kuma abin da ya faru a Koko ne ya farkar da kowa. A 1987 zuwa 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka sauke kusan tan 4,000 na dagwalon masana'antu a ƙaramar tashar ruwan Koko a tsohuwar jihar Bendel, Delta ta yanzu, aka jibge gangunan a filin wani mutumin garin ana biyansa dala 100 a wata bai san me ke ciki ba. Galibinta gubar sinadarai ce ba ta nukiliya ba, amma darasin ɗaya ne. Gwamnatin Babangida ta tilasta Italiya ta kwashe kayanta, sannan ta fitar da dokar soja mai lamba 42 ta 1988 wadda ta sa ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai cutarwa, kuma dokar ta ambaci sharar nukiliya ƙarara. A shekarar ne aka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA.

A matakin duniya an yi yarjejeniyar Basel a 1989, amma ƙasashen Afirka basu gamsu ba, don bata hana cinikin ba sai dai ta ce a nemi izini, kuma ta bar sharar nukiliya a waje tace wasu tsare-tsare ne ke kula da ita. Shi ya sa aka zauna a Bamako a Janairun 1991 aka yi tamu, wadda ta haramta shigo da shara mai haɗari nahiyar kwata-kwata har da ta nukiliya, ta fara aiki a 1998. Matsalarta ba duk ƙasashe suka tabbatar da ita a majalisunsu ba, kuma yarjejeniya ba ta tsaron tashar jiragen ruwa, jami'in kwastam mai na'urar awo ne ke yi.

A Najeriya wace doka da wace hukuma ke kula da wannan?

Doka mai lamba 19 ta 1995 kan kariya daga tururin nukiliya ita ta kafa hukumar NNRA, amma sai 2001 ta fara aiki. Ita ke ba da lasisin shigo da duk wani abu mai tururi da amfani da shi da safararsa da zubar da shi, kuma a 2006 ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan shara. Kada a haɗa ta da NAEC, wadda aka kafa tun 1976 aka farfaɗo da ita a 2006, ita aikinta tallata nukiliya da shirin gina tasha ne. Raba su biyun daidai ne, mai sayar da nama ba shi ya kamata ya zama duba-gari ba. Najeriya ta kuma shiga babbar yarjejeniyar duniya ta 1997 kan kula da tsohon makamashi da shara a 2007, wadda ginshiƙinta shi ne duk ƙasar da ta samar da shara ita ke da alhakinta.

Tsarin da ake bi shi ne wanda ya shigo da ƙwayar sinadari ya mayar wa kamfanin da ya sayar masa in ta gama aiki. Wahalar na wajen tsofaffin da aka shigo da su kafin a kafa hukumar, waɗanda kamfaninsu ya mutu ko takardunsu suka ɓata. Irin waɗannan ajiyar wucin gadi ake musu, ma'ajiya ta dindindin babu ita tukuna. Kuma dokar 1995 ba don ƙasa mai tashar lantarki aka rubuta ta ba, duba amsa ta ƙarshe.

Amurka da duk kuɗinta me ya hana ta gama da matsalar?

Labarin nan ya kamata duk ɗan majalisarmu ya sani. A 1982 majalisar Amurka tayi doka mai kyau a takarda, a binciki wurare da dama a zaɓi mafi dacewa a kimiyyance, masu shan wutar nukiliya su riƙa biyan ɗan ƙaramin haraji cikin wani asusu, gwamnati kuma ta fara karɓar sharar daga kamfanoni kafin ƙarshen Janairun 1998. Aka tace aka tace har saura wurare uku, Texas da jihar Washington da Nebada. Sai a 1987 majalisa ta gyara dokar tace a bar sauran biyun a binciki dutsen Yuka na Nebada shi kaɗai. A lokacin kakakin majalisar wakilai Jim Wright ɗan Texas ne, shugaban masu rinjaye Tom Foley ɗan Washington ne, Nebada kuwa ba ta da kowa a sama kuma ko tashar nukiliya ɗaya ba ta da ita. Mutanen jihar suka ɗauki abin a matsayin cin zali kuma basu taɓa yafewa ba, ga ƙabilar Shoshoni da ke cewa ƙasar ma tasu ce bisa yarjejeniyar 1863.

A 2002 gwamnan jihar ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta danne shi ta amince da wurin. Sai lamari ya juya, sanatan Nebada Harry Reid ya zama shugaban masu rinjaye a dattawa, gwamnatin Obama ta tsayar da kuɗin aikin wajen 2010 zuwa 2011 bayan an kashe biliyoyin daloli. Yau sharar ta kai wajen tan 90,000 warwatse a jihohi sama da talatin, ta ma wuce tan 70,000 da doka ta yarda a sa a Yuka. Asusun ya tara sama da dala biliyan 40 ba a yi aikin ba, kotu ta sa an daina karɓar harajin a 2014, kuma gwamnati ta biya kamfanoni diyyar saɓa alkawari fiye da dala biliyan 10 daga kuɗin talakawa.

Wani kwamiti da aka kafa ya ba da rahoto a 2012 yace a koma neman yardar al'umma tun daga farko, wato abin da aka tsallake shekara 25 kafin nan. Ni a ganina ba dutsen ne ya kayar da aikin ba, yadda aka zaɓe shi ne.

To akwai ƙasar da ta yi nasara?

Finlan ce a gaba. Sun fara neman wuri tun 1983 ba gaggawa, a 1994 suka gyara doka suka ce sharar Finlan a Finlan za a binne ta, ba fitarwa ba shigowa, wanda ya kwantar wa mutane hankali cewa garinsu ba zai zama jujin Turai ba. Abu mafi muhimmanci, doka ta ba ƙaramar hukuma ikon cewa a'a kuma a'ar ta zauna, ba mai danne ta. Majalisar ƙaramar hukumar Eurajoki, inda dama akwai tasha kuma mutane sun saba da harkar, ta amince da ƙuri'a 20 da 7 a 2000, majalisar ƙasa ta biyo baya a 2001 da 159 da 3. Aka fara haƙa ramin Onkalo a 2004, zurfinsa ya haura mita 400 cikin tsohon dutse, a 2024 suka fara gwajin aiki.

Tsarin shi ne a rufe makamashin a tulun jan ƙarfe mai kauri, a kewaye shi da wani yumɓu mai kumbura in ya sha ruwa, sai dutsen a matsayin katanga ta uku. Ba wai ba gardama, wasu masana a Suwidin sun ce jan ƙarfen zai iya cinyewa da wuri fiye da yadda ake zato, aka daɗe ana jayayya kafin gwamnatin Suwidin ta amince da irin wannan rami a Forsmark a Janairun 2022. Bambancinsu da abin da na faɗa kan Amurka a sama shi ne gardamar a fili aka yi ta, kuma hukumar sa ido mutane sun yarda da ita.

A toshe ramin har abada ne, ko a bar hanyar ciro ta?

Wannan muhawarar har yau bata mutu ba. Masu cewa a toshe hujjarsu kada a bar wa jikoki da tattaɓa kunne aikin gadi, ba a san yaƙi ko rushewar gwamnatin da za a yi nan gaba ba. Ɗaya ɓangaren na cewa in an yi kuskure fa? Kuma an taɓa yi. A Jamus an zuba ganguna kusan 126,000 a tsohon ramin haƙar gishiri na Asse daga 1967 zuwa 1978 ana cewa wurin a bushe yake, sai ruwa ya fara shiga a 1988, a 2013 majalisa tayi dokar a kwaso su kaf, aikin da zai ci biliyoyi da shekaru masu yawa. Gorleben kuma da aka zaɓa don ramin shara a 1977 a bakin iyakar Jamus ta Gabas an kwashe shekara arba'in ana zanga-zanga kafin a cire shi daga jeri a 2020, suka koma neman wuri daga farko, kuma sun amsa cewa wa'adin 2031 da suka sa wa kansu ba zai yiwu ba.

Faransa ta bi tsakiya. Dokokinta na 1991 da 2006 da 2016 sun ce ramin da za a yi a yumɓun yankin Bure, zurfin mita 500, dole a iya ciro abin da aka sa na aƙalla shekara 100. Ita kuma tana sake tace tsohon makamashinta a La Hague, wanda ke rage yawan shara mai ƙarfi amma ba ya kawar da buƙatar ramin.

Tsibin da ke Arlit da Akokan fa, shi ma sharar nukiliya ce?

Eh, ko da wasu dokoki sun fi son kiransa tarkacen ma'adinai, kuma wannan sunan ba ƙaramin abu bane don shi ke nuna wace hukuma da wace ƙa'ida za ta hau kansa. In an cire yuraniyom daga dutse kusan kashi 85 cikin 100 na tururin na zama a dagwalon, saboda radiyom da toriyom na nan basu tafi ba. Yana fitar da iskar radon mai jawo kansar huhu, iska na kwasar ƙurarsa, ruwa na iya tsiyayar da gubar zuwa rijiyoyi. Mahaƙar SOMAIR ta Arlit ta fara aiki a 1971, mahaƙar COMINAK ta Akokan kuma a 1978, ita COMINAK ta rufe a 31 ga Maris 2021 bayan ta fitar da wajen tan 75,000 na yuraniyom, ta bar tsibi na kusan tan miliyan 20 a fili kusa da gari.

Kamfanin Orano na Faransa, mai kaso mafi girma a COMINAK, yace zai rufe tsibin da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu, aikin gyaran duka wajen sefa biliyan 95, sai a sa ido na wasu shekaru. Ƙungiyar Aghir In'man ta Arlit da cibiyar awo mai zaman kanta ta CRIIRAD a Faransa sun daɗe suna cewa wannan bai isa ba, tun 2003 suke nuna gurɓatattun ƙarafa a kasuwar gari, ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ma ta fitar da rahoto a 2010 kan tituna da ruwan sha. Kamfanin na cewa awonsa bai wuce ƙa'ida ba. Ni tambayata ita ce sa ido na 'yan shekaru akan abin da radiyom ɗinsa kaɗai ke ɗaukar shekara 1,600 kafin ya ragu da rabi, wa zai ci gaba bayan nan? Amurka da ta ga an gina gidaje da irin wannan yashin a Kolorado tayi doka a 1978, ƙa'idarta murfin ya riƙe shekara 1,000 in zai yiwu, in ya gaza 200, kuma gwamnati ta karɓi gadin wurin ba iyaka.

Yanzu kuma ga rikicin gwamnatin Nijar da Orano tun bayan juyin mulkin 2023, har aka mayar da SOMAIR hannun ƙasa a Yunin 2025. Ina goyon bayan ƙasa ta ci arzikinta, amma a duk tattaunawa ko shari'ar da za a yi dole maganar tsibin nan da lafiyar tsofaffin ma'aikata ta shiga a rubuce, in ba haka ba kowa zai nuna ɗan uwansa mutanen Arlit kuma su ci gaba da shaƙa.

Wa ya kamata ya biya kuɗin duk wannan?

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ƙa'idar kenan kusan ko'ina, sai dai yadda ake riƙe kuɗin ya bambanta. Finlan da Suwidin na karɓa daga kamfanoni tun tasha na aiki a zuba a asusun da gwamnati ke riƙe da shi daban. Jamus a 2017 ta karɓi kusan yuro biliyan 24 daga kamfanoni lokaci guda ta ɗauki nauyin ajiyar, in kuɗin bai isa ba ya faɗa kan 'yan ƙasa. Amurka ta tara amma ta cakuɗa da kasafin gwamnati, ka ga yadda ta kaya a amsar Yuka.

Inda ba a tara komai ba kuwa talaka ne ke biya. Gyaran wuraren haƙar yuraniyom na tsohuwar Jamus ta Gabas ya ci sama da yuro biliyan 6 daga baitulmali tun 1991. Kamfani na iya karyewa ko ya canza suna ko ya bar ƙasa, don haka alkawarin baki ko lissafi a littafin kamfani ba kuɗi bane, sai an gansu a asusun da kamfanin ba zai iya taɓawa ba.

Ni ɗan gwangwan ne, ta yaya zan gane irin wannan abu in ya shigo cikin kaya?

Ido ba ya ganin tururin, ba wari ba ɗanɗano. Abin lura shi ne tambari mai kama da fanka mai fuka-fuki uku akan launin rawaya, da kuma ƙarfe ƙarami mai nauyin da ya fi girmansa saboda dalmar da ke ciki, musamman in daga tsohon asibiti ko masana'anta ko kamfanin mai ya fito. Don Allah kada a fasa, kada a yanka, kada a kai gida. A matsa nesa, a hana yara zuwa, a sanar da hukuma, NNRA a Najeriya ko hukumar sa ido kan nukiliya a Nijar, ko 'yan sanda mafi kusa. Wanda ya taɓa ya fara amai ko ya ga ƙuna ba wuta ya je asibiti ya faɗi abin da ya taɓa.

A Satumbar 1987 a garin Goyaniya na Birazil wasu masu tsintar ƙarfe biyu suka ɗauko kan injin gasa cutar kansa daga asibitin da aka yi watsi da shi suka fasa, aka ga wani gari mai shuɗin haske a ciki aka riƙa raba wa 'yan uwa don sha'awa. Siziyom 137 ne. Mutum huɗu suka mutu har da yarinya 'yar shekara shida, aka auna mutum 112,000 aka samu 249 sun gurɓata, aka rushe gidaje. Laifin ba na masu tsintar bane, na waɗanda suka tashi suka bar injin ne da hukumar da bata bi sawunsa ba.

In za a gina tasha a Najeriya ko Nijar, ba Rasha ce za ta kwashe sharar ba? Me ya kamata doka ta ƙunsa?

Najeriya ta sa hannu da Rosatom, kamfanin nukiliya na gwamnatin Rasha, a 2017, an kuma ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wurare, Nijar ma ta sa hannu kan takardar fahimtar juna da su a 2025. Gaskiya ne Rasha na karɓar tsohon makamashi daga wasu ƙasashe, tayi irin wannan yarjejeniya da Iran a 2005 da Bangaladash a 2017. Amma ba kyauta bane, kuma sai an rubuta shi ƙarara, har da ko za a dawo mana da dagwalon da ya rage bayan sun tace. Ko sun kwashe ma, shara mara ƙarfi da matsakaiciya na shekara sittin na aiki da gangar jikin tashar ranar da za a rushe ta duk namu ne.

Tun ran gini ran zane. Kafin a zuba kankaren farko ina so in ga doka ta fayyace asusun shara na daban da ake zubawa daga ranar da wuta ta fara fita, da hukuma guda da sharar ke wuyanta da sunanta, da hukumar sa ido mai kasafinta da ba minista ke juya ta ba. Ina so a ba al'ummar wurin ikon cewa a'a irin na Finlan, a yi zaman jin ra'ayi da harshen da suke ji ba a otal a Abuja ko Yamai ba, a riƙa buga sakamakon awon ruwa da iska kowa ya gani, kuma a bar masu awo masu zaman kansu su shiga su auna da na'urarsu. A sa tarkacen Filato da na Arlit da tsofaffin ƙwayoyin asibiti a cikin dokar tun yanzu, da ranar da za a fara ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya.